Ma'anar "emuleta", da dalilin da ya sa ba jabu ba ce

Tun da manhajar PPSSPP ta cika wayoyin samari a Sakkwato, kalmar "emuleta" ta shiga bakin kowa, daga masu tura gem a shagunan caji na Mabera har zuwa masu gabatar da shirin matasa a rediyo. Kusan duk inda aka furta ta, abu guda ake nufi: jabu. Wani ya ce gem ɗin sata ne, wani ya ce na Caina ne, mai shago kuma ya buga ƙirji ya ce, "Wanga nawa orijinal na, ba emuleta ba na." Wannan fassara tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta haɗa abubuwa uku da ba ruwan ɗaya da ɗaya: na'ura, gem, da manhajar da ke kwaikwayon na'ura.

Emuleta manhaja ce da ke sa wata na'ura ta yi aikin wata. Gem ɗin PSP, na'urar gem ta hannu ta kamfanin Sony, an rubuta shi ne da umarnin da ƙwaƙwalwar PSP kaɗai ke ganewa, wayarka ba ta jin wannan yare. PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2012, ita ke tsayawa tsakani kamar tafinta a gaban alƙali, ta karɓi kowane umarni ta mayar da shi yaren wayar. PES ɗin da ake bugawa a ciki gem ne na ƙwallo, ita kuwa ba gem ba ce. Wanda ya ce "tura mini PPSSPP" yana nufin ƙwallo, to tafintan ya roƙa, ba mai magana ba.

PS2 (PlayStation 2) ɗin da ke gidajen gem, wadda aka cika wa filasha ko had-disk da wasanni, ba emuleta ba ce ko kaɗan. Ƙwaƙwalwar da Sony ya ƙera a 2000 ce ke aiki, gem ɗin ne kwafi.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne wurin 'yan shekara talatin zuwa arba'in, masu cewa su a kan orijinal suka tashi. Mu tambayi kanmu, wace na'ura ce ta shiga gidajenmu? Mafi yawa ita ce baƙar nan mai kaset ruwan ɗorawa, wadda aka rubuta wa wasa dubu ɗari tara da wani abu, ka kunna ka tarar Mario da Contra da tankar yaƙi ne ake ta maimaitawa. Nintendo bai ƙera ta ba. Famicom, na'urar Nintendo ta gaskiya, ta fito a Japan a 1983, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES, tamu kuwa kwafin ƙirarta ce daga masana'antun Taiwan da Sin. Duk da haka ba emuleta ba ce, domin babu manhajar da ke fassara komai a cikinta. Ƙarfe ne aka kwaikwaya da ƙarfe. Ke nan abin da muke kewa jabu ne na haƙiƙa, kuma ya yi daɗi.

Har gudun ma ba na asali ba ne. A lokacin, talabijin ɗin Najeriya a kan tsarin PAL yake, hoto 50 a daƙiƙa, Japan da Amurka kuwa 60. Wasanni da yawa na wancan zamani ba a gyara su ba da aka kawo su ƙasashen PAL, sai gudunsu ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari. Sonic na 1991 a kan Sega misali ne sananne, har kiɗansa ya fi sanyi. Yaron da ya buga shi yau a waya da gudun 60 ya fi kusa da abin da masu ƙirƙirarsa suka nufa fiye da wanda ya buga a na'urar Turai.

Kada a ɗauka ina cewa babu bambanci. Akwai, kuma bindigar gem ɗin harbin agwagwa, wadda ake auna wa allon talabijin, ita ce shaida. Idan ka ja kunamar, allon yakan yi baƙi ƙirin na ƙiftawar ido, sannan farin akwati ya bayyana daidai inda agwagwar take. Wani ɗan ido a cikin bakin bindigar ke duba ko ya ga haske a daidai wannan lokaci. In ya gani, ka harbo. Dabarar gaba ɗaya ta dogara ne da tsohon talabijin mai ƙeya, wanda ke zana hoto layi bayan layi a take, ba ya ajiye komai. Falasma kuwa sai ta karɓi hoton, ta gyara, ta faɗaɗa shi kafin ta nuna, kuma wannan ɗan jinkiri ya isa bindigar ta makance. Ka kawo Famicom ta asali daga Japan a kwalinta, ka jona wa talabijin na zamani, agwagwa ko ɗaya ba za ta faɗo ba. Rabin abin da ake kira "daɗin orijinal" a talabijin yake, ba a cikin na'urar ba. Zanen ma haka: masu zana hotunan sun san allon mai ƙeya zai narkar da gefen ɗigo, shi ya sa fuskar da ta yi laushi a da take fitowa da kusurwa a allon waya. Sai kuma hannu. Hoto ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa ba, fad (abin da ake riƙewa a buga gem) mara waya da allon taɓawa kowane yana ƙara nasa jinkirin, mai Mortal Kombat yana jin haka a yatsunsa ko da bai iya faɗin dalili ba.

Batun halacci a doka kuwa, a 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta goyi bayan kamfanin Connectix a kan Sony, bayan ya yi manhajar buga PlayStation a kwamfutar Mac. A 2024 masu Yuzu, emuletar na'urar Switch ta Nintendo, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su rufe, saboda ƙarar ta shafi karya makullin wasannin Switch da ke kasuwa. Rigimar a kan kwafin gem da makullinsa take. Su kansu kamfanonin suna sayar da emuleta: ƙaramar NES Classic ta 2016 ita ke cikinta, PlayStation Classic ta 2018 kuwa PCSX ReARMed Sony ya ɗauka ya saka, manhajar da masu sha'awa suka rubuta kyauta.

Ni dai ina tare da emuleta, kuma dalilina yanayin garinmu ne. Zafin Afrilu da ya wuce digiri 40, ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, wuta da ke zuwa da ƙarfi ta tafi: idon PS2 mai karanta faifai shi ke fara mutuwa, masu gyara sun san haka. Sony ya daina ƙera ta tun ƙarshen 2012, duk wadda ta lalace sai dai a ciro kaya daga gawar wata. Mai talabijin mai ƙeya da ke aiki ya riƙe shi da kyau, ya rufe shi da zane, kada ya bai wa 'yan gwangwan.