Rubutu Ya Zama Ƙanana a Konsol Ɗin Linux: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa haruffan suka koma kamar tururuwa a sabon allona?

Lissafi ne kawai. Konsol shi ne baƙin allon nan na rubutu zalla, wanda babu tagogi a cikinsa. Font (salon haruffa) ɗin da yake zuwa da shi, kowane harafi faɗinsa fiksel 8 ne, tsayinsa 16. A allon 4K mai 3840 da 2160, harafi 480 ke shiga layi ɗaya. Babu abin da ya lalace a kwamfutarka.

Zan iya sa font ɗin da nake amfani da shi a burauza?

A'a. Konsol ba ya karanta TTF, wato irin font ɗin da burauza ke amfani da shi, sai PSF, wanda aka zana harafinsa ɗigo-ɗigo da girma ƙayyadadde. A daina kawo wannan tambayar, don Allah.

To wanne zan ɗauka?

Terminus na Dimitar Zhekov, mai girman 16 da 32. Ka sauke shi, ka buga `setfont ter-v32n`. Layinka zai dawo harafi 240. Idan siririn ya yi maka wahalar gani, ga `ter-v32b` mai kauri. Sauran suna cikin `/usr/share/kbd/consolefonts` ko `/usr/share/consolefonts`, ya danganta da irin Linux ɗinka.

Na buga setfont a cikin tagar taminal ta desktof, ya ƙi.

Ai ba can ake buga shi ba. Danna Ctrl+Alt+F3 tukuna don ka shiga ainihin konsol.

Na gyara, amma da na sake kunna kwamfutar sai ƙananan suka dawo. Ina matsalar?

Yawwa, wannan ita ce tambaya. `setfont` na ɗan lokaci ne, sai ka rubuta zaɓinka a fayil. A Arch da Fedora, ka sa `FONT=ter-v32n` a `/etc/vconsole.conf`. A Debian da Ubuntu kuwa, `dpkg-reconfigure console-setup` zai bi da kai mataki-mataki.

Galibi wannan ya wadatar, amma ba kullum ba. Wani lokacin font ɗin yakan hau, sai direban katin hoto ya taso daga baya, allon ya yi ƙifta ɗaya, komai ya koma gidan jiya. Idan haka kake gani, mai yiwuwa maganin shi ne a sa direban cikin initramfs, wato ƙaramin tarin fayilolin da ake fara lodawa lokacin kunna kwamfuta, don ya riga font ɗin tashi, sannan a sake gina initramfs ɗin. Na ce mai yiwuwa, domin abin yakan bambanta daga wannan kati zuwa wancan.

Idan kuma inda ake neman kalmar sirrin diski ne rubutun ke ƙanana, to font ɗin ma sai ya shiga initramfs. Akwai wata hanya: ƙara `fbcon=font:TER16x32` a layin tayar da kernel, wato zuciyar Linux. Tana aiki tun daga farkon tashi, amma sai in an gina kernel ɗin da wannan font a ciki. In babu shi, ba za ka ga canji ba. Ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, kada ka canza abu uku lokaci guda sannan ka zo kana tambaya wanne ya yi aiki.

Wannan zai gyara menu na GRUB, wanda ke fitowa kafin Linux ya tashi?

Ba zai gyara ba. GRUB font ɗinsa daban, da `grub-mkfont` ake haɗa shi.

Idan na sa wanda ba ya karantuwa fa?

Kwantar da hankalinka. Buga `setfont` shi kaɗai, ko da ba ka ganin abin da kake bugawa, ka danna Enter. Na asali zai dawo.