Ruwa a tankin man mota

Shigar ruwa tankin mai matsala ce da ke sa injin mota ya riƙa sarƙewa ko ya mutu gaba ɗaya. Tushenta bambancin nauyi ne: litar ruwa kilo 1 ce, ta fetur kuwa wajen giram 750, ta dizal, wanda direbobi ke kira gas, wajen giram 840. Ruwan dai ba ya gauraya da mai, kuma da yake ya fi shi nauyi sai ya kwanta a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa.

Ruwan kan shiga ta lalataccen robar murfin tanki, ko daga rijiyar gidan mai da ta yi yoyo da damina, ko daga jarkar 'yan bumburutu. Tankin da ya daɗe babu mai sosai shi ma yakan tara raɓa a ciki idan dare ya yi sanyi.

Alamunsa sun haɗa da wuyar tashi, jijjiga, da rashin ƙarfi idan an taka totur, musamman jim kaɗan bayan shan mai. Amma lalataccen fulogi ma yana kawo irin wannan, don haka gwaji ya fi zato. A ɗebi mai daga tiyon da ke zuwa inji a zuba a kwalba mai haske, a bari ya natsu minti 15. In akwai ruwa, za a gan shi a ƙasa da layi sarai tsakaninsa da man.

Idan ruwan ɗan kaɗan ne a motar fetur, akwai sinadarin barasa da ake zubawa a tanki, ya haɗe da ruwan su ƙone tare. Wanda ya taru har ya kwanta a kwalba ya fi ƙarfin wannan magani. Nan sai a daina tayar da motar, a cire wayar baƙin kan batir, a zuƙe man duka da famfon hannu, a sauke tankin a wanke a busar da shi. Sannan a canja filta, a hure tiyoyi, a zuba sabon mai. Kada a ja mai da baki, kuma a yi aikin a fili nesa da wuta.

Motar dizal ta fi shiga haɗari, domin man ne ke ba da maiƙo ga famfo da nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji. Injinan zamani suna tura shi da matsin da ya haura bar 1,500 (bar ma'aunin matsi ne), ruwa kuwa yana cinye waɗannan sassa masu tsada da tsatsa. A mahaɗar ruwa da dizal ƙwayoyin cuta kan hayayyafa, su bar baƙar dauɗa mai yauƙi da ke toshe filta. Yawancin motocin suna da filta mai ware ruwa. Idan fitilarta ta kama a dashbod, a kwance bakin da ke ƙasanta har sai mai zalla ya fara zuba.