Alerjin fata: abin da ke tsakanin jijiya da garkuwar jiki

Idan ma'aikacin lafiya a Tawa ya duba fatar yaro ya ce alerji ne, yana nufin garkuwar jikin yaron ta tasar wa abin da ba shi da illa, kamar ƙura, sabulu ko wani abinci. A gida borin jini muke cewa, ko da yake rigimar cikin fata ake yin ta.

Fata na da wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast, waɗanda Bajamushe Paul Ehrlich ya bayyana a 1878. Cike suke da sinadarin histamin, kuma dab suke da siraran jijiyoyin da ke kai saƙon ƙaiƙayi ƙwaƙwalwa. Da sun zubar da shi sai jijiya ta ɗauka, fata ta yi ruɗu-ruɗu, hannu ya kai susa.

An daɗe ana ɗaukar jijiyar nan ƴar aike kawai, ashe ita ma tana tsokana. A 2019 masu bincike a birnin Tuluz na Faransa sun nuna, a jikin ɓeraye, cewa sinadaran ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki kan taɓa jijiyar kai tsaye. Sai ta fitar da nata sinadarin, wanda masana ke kira P, shi kuma ya tunzura ƙwayoyin mast da ke kusa. Kowanne yana zuga ɗan'uwansa ke nan.

A cutar egzema, inda fata ke bushewa ta yi kaushi, wasu saƙonnin garkuwa ne, IL-4 da IL-13 da IL-31, ke tayar da jijiya ba tare da histamin ba. Shi ya sa ƙwayar maganin histamin da ake saye a farmasi take kwantar da borin jini, amma mai egzema ya sha ya kwana yana susa. Allurar dupilumab, da Amurka ta amince da ita a 2017, tana toshe hanyar IL-4 da IL-13, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka.

Susa kuwa tsaga fata take yi, ƙura ta samu ƙofar shiga, ƙaiƙayi ya ƙaru, ga iskar hunturun Adar na ƙara busar da jiki. A yanke wa yaro farce, a shafa masa man kaɗe ko basilin da zarar ya fito wanka, kafin jikin ya bushe.