Lagireton Intakula a Motocin A-kori-kura Masu Sufacaja

Lagireton intakula ƙaramin lagireto ne da ake girkawa a goshin motar da injinta ke da sufacaja, wato na'urar da ke ɗura wa inji ƙarin iska. Aikinsa ya zubar wa iskar waje zafin da ruwa ya kwaso daga iskar da ake ɗura wa inji. A galibin motoci ba ruwansa da babban lagireton inji: ruwansa daban, famfonsa daban, tiyoyinsa daban. Cire na kamfani a sa wanda ya fi shi girma na cikin gyare-gyaren da masu manyan a-kori-kura suka fi yi, musamman a Amurka inda irin waɗannan motoci suka fi yawa.

Inda zafin ke fitowa

Sufacaja na'ura ce da bel ke juyawa daga jikin inji, tana tura iska cikin silinda fiye da abin da fistin zai iya zuƙa da kansa. Iska ta ƙaru, man da za a ƙona ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Samfurin da aka fi gani a kan injunan V8, wato masu silinda takwas, shi ne na Roots, wanda ya samo suna daga 'yan'uwa biyu na jihar Indiana, Philander da Francis Roots, da suka yi rajistar ƙirarsu a 1860, tun kafin a san mota. Akwai kuma mai tagwayen sukurori da Alf Lysholm na Suwidin ya inganta.

Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, babu makawa. A ɗauki a-kori-kurar Ford SVT Lightning, wadda aka ƙera daga 1999 zuwa 2004 da inji mai lita 5.4 da sufacajar Eaton M112, mai matsin kusan psi 8 (psi ma'aunin matsin iska ne). Idan zafin gari digiri 30 ne a ma'aunin Salsiyas, lissafi ya nuna ko da na'urar ba ta da asara ko kaɗan, iskar za ta ƙaru da kusan digiri 40. To babu na'ura marar asara, kuma tsohuwar ƙirar Roots ta yi ƙaurin suna wajen dama iska tana ƙara mata zafi, don haka iskar kan fito tana dab da zafin tafasar ruwa. Shigar irin wannan iska silinda kan sa mai ya kama da wuta da kansa ba bisa ƙa'ida ba, a ji inji yana ƙwanƙwasa, kuma ƙwanƙwasa mai tsanani tana fasa fistin.

Yadda ruwan ke zagayawa

A injin da sufacaja ke zaune a kansa, tazarar da ke tsakaninta da silinda ba ta da yawa, ba wurin jan dogon bututun iska zuwa gaban mota don a sanyaya ta a dawo da shi. Shi ya sa aka koma ga ruwa. Ana cusa wani curin alminiyam mai ƙananan hanyoyi, wato intakula, a inda iskar ke fita daga sufacaja. Iska ta ratsa shi, ruwan da ke ciki ya karɓi zafin, famfon lantarki ya tura ruwan zuwa lagireton gaba, iskar tafiya ta huce shi, ya koma. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki huɗu na kilo ɗaya na iska. Haka tsarin yake a Lightning, haka yake a Ram 1500 TRX ta 2021 mai lita 6.2 da ƙarfin doki 702, da F-150 Raptor R ta 2023 mai lita 5.2.

Matsalar ita ce ruwan ma'aji ne kawai. Idan zafin da ke shiga ya fi wanda lagireto ke fitarwa, ruwan sai ya yi ta ɗumi har ya kasa karɓar komai. Wannan cikar zafi ta fi samun a-kori-kura saboda irin aikinta: jan tirela a hawa, tafiya cikin yashi, dogon cunkoso, duk inji na wahala alhali iskar da ke bugun goshin mota kaɗan ce. Akwai sansa da ke auna zafin iska bayan intakula, kuma da ya haura iyaka, kwamfutar mota sai ta jinkirta tartsatsin fulogi don kare inji. Direba ya ji motar da ta tashi da kuzari da safe ta yi nauyi da rana.

Abin da musanyawa ke yi da wanda ba ta yi

Lagireton intakula mafi girma ba ya ƙirƙiro sabon ƙarfi. Yawan iskar da sufacajar Roots ko mai sukurori ke turawa ya dogara ne kusan kacokan ga girmanta da saurin juyawarta. Abin da sanyi ke yi shi ne hana kwamfuta ƙwace ƙarfin da injin yake da shi tun farko. Saboda haka a taka mota sau ɗaya tana sanyi, da ƙyar a ga bambanci; sai a karo na uku ko na huɗu a jere, ko a tsakiyar hawa da kaya. Wanda ya rage girman fulin sufacaja, wato ƙaramar tayar da bel ke juyawa, don ƙara matsi kuwa, ya ƙara zafi, kuma a wurinsa musanyawar ta kusa zama dole.

Wajen zaɓi, faɗin fuska ya fi kauri amfani. Iskar da ta ratsa layin farko ta riga ta ɗumama, don haka layukan baya ba sa yin aiki kamar na gaba, ga shi lagireto mai kauri yana tare iskar da ya kamata ta isa kwandensan iyakwandishan da babban lagireton inji da ke bayansa. Ana iya sanyaya iskar sufacaja a bar inji yana zafi. Akwai kuma batun hanyar ruwa: a wasu ruwan kan ratsa sau ɗaya ya fita, a wasu yakan je ya dawo sau biyu ko uku. Mai zagaye da yawa yana sa ruwa gudu a cikin bututu, amma yana ƙara wa famfo nauyi, kuma ƙaramin famfon kamfani kan gaza. Nan ne da yawa ke yin asarar kuɗi, su sayi ƙaton lagireto su bar raunannen famfo. Fanka tana taimakawa a tsaye da tafiyar hawainiya, a babban gudu ba ta da wani tasiri. Toshe gefuna don kada iska ta kauce wa lagireto aiki ne mai arha da ake yawan rainawa.

Bayan an ɗaura, sai an fitar da iskar da ta maƙale a tiyo. Famfon ba ya iya zuƙo ruwa idan iska ta cika shi, zai yi ta ƙugi alhali ruwa na tsaye, kuma dogon aiki a bushe yana lalata shi. Ruwa zalla ya fi wanda aka haɗa da maganin daskarewa ɗaukar zafi, amma ba ya hana alminiyam ciwuwa, kuma a ƙasashen sanyi yana iya daskarewa ya fasa bututu.

Komai girman lagireto, ba zai sauko da ruwa ƙasa da zafin iskar waje ba. Masu tseren gajeren zango kan kauce wa wannan iyaka da tankin da suke cika da ƙanƙara, wadda ke narkewa cikin ɗan lokaci. Wasu kuma kan haɗa ruwan intakula da iyakwandishan ɗin motar ta wata na'urar musayar zafi, gas ɗin ya sanyaya shi ƙasa da zafin gari, sai dai hakan yana ƙara wa kwamfireso aiki.