Tacewa da buga koyarwar Vivekananda kan ilimi

Swami Vivekananda (1863–1902), malamin addinin Hindu ɗan Kalkata, bai taɓa zama ya rubuta littafi guda a kan ilimi ba. Abin da ake karantawa yau da sunan falsafarsa ta tarbiyya, almajirai da editoci ne suka tsinto shi daga laccoci da wasiƙu da hirarraki, suka jera shi babi-babi. Cibiyar da ta fi ɗaukar nauyin aikin ita ce Advaita Ashrama, reshen ƙungiyar addini ta Ramakrishna Math da ke Mayavati a tsaunukan Himalaya, cikin jihar Uttarakhand ta Indiya.

Tarihi

Bayan taron addinai na Cikago a 1893, Vivekananda ya zagaya Amurka da Ingila yana lacca, galibi da ka, ba takarda a hannu. A ƙarshen 1895 almajiransa na New York suka ɗauki wani Bature ɗan Ingila, J. J. Goodwin, gwanin rubutun gaggawa, don ya riƙa kama maganar tana fita daga baki. Goodwin ya bi shi har Indiya, ya rasu a can a 1898. Laccocin da ya ɗauka su ne mafi cika a cikin abin da ya rage. Darussan da ya bayar a Thousand Island Park na Amurka a 1895 kuwa sun zo ne ta hannun Sarah Ellen Waldo, a taƙaice.

An fara mujallar Prabuddha Bharata a Madaras a Yulin 1896. Da editanta na farko, Rajam Iyer, ya rasu a 1898, aka mayar da ita garin Almora a Himalaya, daga nan zuwa Mayavati lokacin da aka kafa Advaita Ashrama a Maris 1899 da taimakon Kyaftin Sevier da matarsa Charlotte. Swami Swarupananda ne ya riƙe mujallar. A Janairun 1899 aka soma mujallar Udbodhan da harshen Bengali a Kalkata.

Kundin da ya tattara ayyukansa, The Complete Works of Swami Vivekananda, ya fara fitowa a 1907 ƙarƙashin kulawar Swami Virajananda. Ya daɗe a juzu'i takwas, sai a 1997 aka ƙara na tara, wanda ya amfana da abin da mai bincike Marie Louise Burke ta tono daga tsofaffin jaridun Amurka. Ƙaramin littafin da ya tattara maganganunsa kan ilimi, mai suna Education, T. S. Avinashilingam ne ya harhaɗa shi, wajajen shekarun 1940.

Tantance tushe

Aikin farko na edita shi ne sanin daga ina kowace magana ta fito, domin ba nauyinsu ɗaya ba. Wasiƙar da ya rubuta da hannunsa tana gaba, sai rubutun gaggawa, sai abin da almajiri ya tuna ya rubuta, sai rahoton ɗan jarida. Hirarrakin da Sharat Chandra Chakravarty ya adana da Bengali suke, don haka mai karanta su da Ingilishi fassara yake karantawa, kuma dole a faɗa masa.

Sananniyar maganarsa cewa ilimi shi ne bayyanar da kamalar da tun asali take cikin mutum, layi ɗaya ce a wasiƙar da ya aika wa wani almajirinsa na Madaras ranar 3 ga Maris 1894. Littattafan harhaɗawa sukan ɗora ta a kan wani sakin layi na laccar 1897, mai karatu ya ɗauka zance ɗaya ne. Maganinsa a sa juzu'i da shafi a ƙarshen kowane yanki, tare da shekarar bugu, saboda lambobin shafi suna gocewa idan an sake tsara littafi. Nassoshin Upanishad, tsofaffin littattafan addinin Hindu, ba su da wannan matsalar, da lambar sashe ake ambatonsu: Mundaka 1.1.4 don rabuwar sani gida biyu, na sama da na ƙasa, Taittiriya 1.11 don wasiyyar malami ga ɗalibin da ya sauke karatu.

Kalmomin Sanskrit

Akwai tsarin rubuta Sanskrit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, da haruffan boko wanda taron masana a Janiba ya amince da shi a 1894. Yana sa layi a kan dogon wasali (ā, ī, ū), da ɗigo a ƙarƙashin wasu baƙaƙe (ṭ, ṇ, ṣ). Wanda ya ga yadda ƙasa ke komawa kasa idan ƙugiya ta faɗi, ya san haɗarin. Brahman shi ne haƙiƙar da ba ta da iyaka a falsafar Hindu ta Vedanta, Brahmā sunan abin bauta ne, brāhmaṇa kuma ɗan ajin malamai. In alamomin suka zube wajen sauya salon haruffa a kwamfuta, sai ukun su cakuɗe. Shi ya sa ake sake duba gwajin bugu bayan an gama tsara shafi, ba kafin nan kaɗai ba. Littattafan da aka yi wa jama'a sukan sauƙaƙa, su rubuta shiksha (ilimi) maimakon śikṣā. Ko wanne aka zaɓa, a tsaya a kansa har fihirisa.

Saɓani

Wasu masu bincike na ganin editocin farko sun sassauta wasu kalaman Vivekananda masu kaifi. Mabiya na cewa gyaran nahawu ne.

Yanzu

Ofishin editan mujallar Prabuddha Bharata na nan a Mayavati, sashen bugu da sayarwa yana Kalkata.