Ɗaliba mai goyo a jami'ar Damagaram: wace doka ce ke tare da ita?

Duk wanda ya saba bin hanyar Jami'ar André Salifou da safe ba zai rasa ganin matar aure a bayan kabu-kabu ba, jakar takardu a rataye, jariri a goye, tana sauri kada malami ya riga ta shiga aji. Tallafin da doka ta tanadar mata a warwatse yake, kowanne da ƙofarsa, shi ya sa ya kamata ta san wadda za ta ƙwanƙwasa.

Kuɗin tallafin karatu da hukumar ANAB, mai kula da tallafin ɗalibai a Nijar, ke biya, ɗalibta ce ke jawo shi, ba yawan iyali ba, ana kuma ci gaba da samunsa ne gwargwadon ci gaban mutum a karatu. A nan ne haɗarin yake, domin haihuwar da ta faɗo a makon jarrabawa tana iya cinye shekara guda, faɗuwar shekara kuwa tana iya taɓa kuɗin. Hutun haihuwa na mako 14 da dokar ƙwadago ta Nijar ta tanada na ma'aikaciya ne, bai shafi ɗaliba ba, kamar yadda kuɗin yara na asusun CNSS, wato asusun kula da jin daɗin ma'aikata, yake bin ma'aikacin da aka yi wa rajista. Idan maigidanta yana cikin waɗannan, to ta hannunsa haƙƙin yaron zai fito, bayan an kai takardar haihuwa.

Abin da ya fi kusa da ita shi ne dokar kula da lafiya kyauta. Tun shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin awon ciki da na jinyar yaran da ba su kai shekara 5 ba a asibitocin gwamnati, bayan ta ɗauke na tiyatar haihuwa a 2005. Ba a tambayar uwa ko tana karatu ko tana aiki. Shekarun yaron kaɗai ake dubawa, don haka kada katin awo ya bar jakarta. Sai dai gaskiya ɗaya ce: tsarin ya dogara ne kan gwamnati ta mayar wa asibitoci kuɗin da suka kashe, idan biyan ya yi jinkiri magani yakan yanke, a miƙa wa uwa takarda ta je famasi ta saya da kuɗinta. Wannan naƙasu ne wajen aiwatarwa, bai soke haƙƙin ba.

Akwai kuma dokar watan Disamba na 2017 kan kare karatun 'ya mace, wadda matakan da suka biyo bayanta a 2019 suka bai wa yarinyar da ta yi aure ko ta samu ciki damar ci gaba da karatu. Ta fi duban 'yan makarantun da ke ƙasa da jami'a, amma a ganina hujjarta ba ta ƙarewa ranar da yarinya ta ci jarrabawar bak ta kammala sakandare. Kafin a samu rubutacciyar ƙa'ida irin wannan ga manyan makarantu, ɗalibar da cikinta ya tsufa ta karɓi takardar shaida daga likita, ta kai wa shugaban sashenta tun kafin a liƙa jadawalin jarrabawa, ta kuma ajiye kwafi a wurinta.