Waiwaye: Yadda tsadar muhalli ta rufe wa talaka ƙofar biranen arziki

Tun zamanin da masana'antu suka kafu, hanyar da talaka ya fi sani ta fita daga ƙunci ita ce ya tattara komatsansa ya koma inda aiki yake. Haka mutanen karkara suka cika birnin Manchester na Ingila a ƙarni na 19, haka kuma baƙar fata kusan miliyan 6 suka bar kudancin Amurka daga wajajen 1916 zuwa 1970, suka nufi Chicago da Detroit da New York da makamantansu. Gidajen da suka tarar ba abin yabo ba ne, cunkoso ne da ƙazanta. Amma akwai inda mutum zai sa haƙarƙarinsa, kuma bayan ya biya haya yakan ga canji a hannunsa.

Wannan ƙaura ta yi wani amfani da ba a cika kula da shi ba, wato ta rage tazarar arziki tsakanin yankuna. Idan ma'aikata suka ragu a yankin da ke baya, ladan waɗanda suka zauna yakan ɗan tashi, waɗanda suka tafi kuma su samu fiye da na gida. Masana tattalin arziki biyu, Peter Ganong da Daniel Shoag, sun nuna a 2017 cewa daga 1880 zuwa 1980 tazarar samun kuɗi tsakanin jihohin Amurka tana raguwa da kusan kashi 1.8 cikin ɗari kowace shekara. Daga 1980 sai abin ya yi sanyi ƙwarai, kuma sun ɗora babban kaso na laifin a kan tsadar gidaje.

To me ya kawo tsadar? Ba fili ne ya ƙare ba. Doka ce ta shigo. A 1916 New York ta kafa cikakkiyar dokar farko a Amurka da ke tsara abin da za a gina a kowace unguwa, a 1926 kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta irin wannan doka a shari'ar garin Euclid na jihar Ohio. Hujjar farko mai kyau ce, don ba wanda ke son hayaƙin masana'anta a bakin tagarsa. Sannu a hankali sai dokar ta koma makamin masu gida: nan ba a gina bene, can sai gidan iyali ɗaya a kan makeken fili. Ga shi kuma tun daga shekarun 1930 hukumomin lamuni sun riƙa zagaye unguwannin baƙar fata da jan layi a taswira, ana hana su bashin sayen gida, ba a haramta wannan wariya ba sai 1968. Birtaniya ta bi tata hanyar. Dokar 1947 ta sa ba a gini sai da izinin hukuma, aka killace filayen da ke kewaye da Landan, sannan a 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya damar sayen gidajen ƙananan hukumomi da rangwame. An sayar da kusan miliyan 2, abin da aka gina a madadinsu bai taka kara ya karya ba.

Muddin masana'antu na warwatse a garuruwa da yawa, ciwon bai bayyana sosai ba. Da arziki ya koma harkar kwamfuta da hada-hadar kuɗi, sai ya taru a birane kaɗan, kuma aka yi rashin sa'a su ne suka fi tsaurin dokar gini. Lauya in ya koma New York, ko bayan haya yana da riba. Mai shara ko mai gadi kuwa, ƙarin albashin da zai samu a can yana ƙarewa ne a aljihun mai gida, wani lokaci har ya ciko daga nasa. Saboda haka mai digiri ya shiga, mai ƙaramin ilimi ya tsaya a waje ko ya fita. Wasu masanan tattalin arzikin, Chang-Tai Hsieh da Enrico Moretti, sun yi lissafi a 2019 cewa ƙuncin gidaje a New York da San Francisco da San Jose ya tauye bunƙasar Amurka baki ɗaya. An yi ta jayayya a kan girman alƙaluman nasu, amma a ganina asalin maganar tana nan: ma'aikacin da aka hana shi zuwa inda aikinsa ya fi daraja, asara ce gare shi da ƙasar duka.

Abin da ya sa gyaran ke wuya shi ne siyasa. Mai gida yana da ƙuri'a a unguwarsa, kuma kowane ƙarancin gida ƙarin daraja ne ga kadararsa. Wanda zai amfana da sabon gini bai ma iso garin ba, balle ya halarci taron majalisa.

Wasu wuraren sun kauce wa tarkon. A Japan gwamnatin tsakiya ce ke riƙe da ƙa'idojin gini, don haka maƙwabta ba sa iya tare aiki cikin sauƙi, kuma Tokyo ta daɗe tana gina gidaje fiye da 100,000 a shekara. Birnin Vienna na ƙasar Ostiriya ya gina gidaje sama da 60,000 da kuɗin haraji tsakanin 1923 da 1934, bai kuma yi gwanjonsu ba. Singafo ta kafa hukumar gidajenta a 1960, yau kusan kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙasar a gidajenta suke zaune. Hanyoyin sun sha bamban, wannan ya sakar wa 'yan kasuwa mara, wancan gwamnati ce ta ɗauki bulo da kanta, amma duk gini suka yi.

A Amurka kuwa alƙiblar ƙaura ta juya. Mutane na barin inda albashi ya fi tsoka suna komawa inda gida ya fi araha. Bayan ƙidayar 2020, Kalifoniya, mai Silicon Valley, cibiyar kamfanonin kwamfuta, ta rasa kujera ɗaya a majalisar wakilai karon farko a tarihinta, Texas kuma ta ƙaru da biyu.